Abin da Lokotoro Ya Faɗa da Abin da Anka Gaya Mini

Mijina ya daɗe da rasuwa, kuma duk zaman da munka yi ban taɓa kama sunansa da bakina ba. Yau zan kama. Sunansa Abarshi. Ya ciyar da ni, ya tufatar da ni, bai taɓa ɗaga mini hannu ba. Amma ya yi mini ƙarya guda ɗaya, wadda har yau ban manta da ita ba. Na sa a rubuta labarin jinyar ɗiyata Salamu ne saboda matan da ake nuna wa yatsa in yaransu suna mutuwa. Na san suna nan, don har yanzu ina jin irin maganganun a bakin rijiya.

Sunana Hajo, ni 'yar Shikal ce, cikin ƙasar Kurfai. A lokacin gidanmu ba su salla. Uwata, wadda muke ce wa Iya, 'yar bori ce, kowa ya san ta da haka, kuma ba ta jin kunyar abinta. Na yi aure a Filinge, gidan masu salla, kuma ni na so mijina. Tsohon soja ne, ya dawo daga yaƙin Nasara da kwat mai kauri da Faransanci a bakinsa. In takarda ta zo daga wurin kumandan, Nasaran da ke mulkin ƙasarmu, shi ake kira ya karanta wa unguwa. Shi kaɗai ne wurin uwarsa, wadda nake kira Inna, kuma gida ɗaya muke da ita.

Ɗana na fari ya yi wata takwas lafiya. Sai wata safiya na ga yatsunsa na hannu da na ƙafa sun kumbura suna sheƙi, in an taɓa shi ya ƙwalla ƙara. Kumburin ya sauka, ya dawo, ya sauka. Bai kai yaye ba. Ta biyu mace ce, ita cikinta ne ya yi tauri a gefen hagu. Ta tashi da wasa da safe, kafin rana ta yi tsaka leɓenta ya yi fari fat, ta tafi a bayana ina cikin gudu da ita.

Bayan an share makoki Inna ta zaunar da ni. Ta ce, “Hajo, gidanmu ba a san wanga abu ba. Iskokin uwarki ne ke biyo ki, suna karɓar abin da anka yi musu alkawari.” Ta kafa doka: in Allah ya sake ba ni haihuwa, yaron ba zai taka Shikal ba, Iya kuma ba za ta ɗauke shi ba. Na yarda. Wanda bai binne yara biyu cikin shekara uku ba kada ya tambaye ni don mi na yarda.

Salamu ce ta uku. Ita ma ta yi kumburin yatsu, amma ta tsallake. Ta taso siririya, idonta da ɗan rawaya, ga baki. Ranar kasuwa sai ta zauna bakin ƙofa tana raɗa wa raƙuman Buzaye suna, ta ce wannan ya yi kama da liman, wancan ya yi kama da ni in na yi fushi. Shekararta shida a daminar da nake magana, saura shekara biyu Nasara su sauka daga mulki.

Lokacin noman farko ne. Ta bi ni gona kai fura, ruwa ya kama mu a hanyar dawowa, ruwa mai iska mai sanyi. Kafin la'asar ta fara cewa ƙafarta. Kafin in gama hura wuta ta koma birgima a tabarma tana kiran sunana, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce ana sara mata ƙashi daga ciki.

Satin farko a gida munka yi shi. Ina gasa tsumma a bakin murhu ina naɗe mata gwiwa, ina shafa man shanu. In na danna da ƙarfi ta yi kuka, in na saki ta ce in danna. Inna ta karɓo rubutu, ta sha. Maƙwabta sunka yi ta shigowa, kowa da nasa: wannan ta ce sanyi ne a dafa saiwar kaza, waccan ta ce shawara ce a hana ta mai. Rana ta biyar Inna ta kira wanzami. Ya yi mata tsaga a gwiwoyi da ƙugu, ya kafa ƙaho, ya ja jini ya zubar a rami, ya nuna mana ya ce ga mugun jinin nan ya fita. Ni na danne mata kafaɗu da hannuna. Daga baya na ji cewa jini shi ne abin da ba ta da shi, mu kuma muna zubar da ɗan wanda ya rage. Wanzamin ya karɓi zakaransa ya tafi, har ya mutu ana ce masa gwani.

Sati na biyu mijina ya ce a kai ta ɗakin magani. Likitan garinmu baƙar fata ne, mutum ɗaya ga ƙasa guda. Tun hantsi layi ya kai gindin iccen bedi, masu gyambo, masu ciwon ido, mata da goyo. Kwana uku muna zuwa kafin mu shiga. Ya ce zazzaɓin sauro ne, ya ba da kinin da wata farar ƙwaya ta rage zafi. Farar ƙwayar ta taimaka, ba zan ɓoye ba, Salamu ta samu barci har ta sha kunu. Amma zazzaɓi ya sauka, ciwon ƙashi bai sauka ba. Ya bar ƙafa ya koma baya, ya bar baya ya hau ƙirji.

A sati na uku ne Iya ta zo. Labari ya kai mata, ta taso daga Shikal a ƙasa, da ƙullin sassaƙe da ƙwaryar man shanu a kanta, ƙafafunta duk laka. Inna ta tare ta a zaure.

“Mi kinka zo ɗauka kuma? Biyu ba su ishe ku ba?”

Iya ta leƙo ta kan kafaɗarta tana nemana. Na fito. Shekara huɗu rabona da ita, ta tsufa, haƙoranta na gaba sun zube.

Ta ce, “Hajo, bari in gan ta kawai. Ba ni taɓa ta.”

Na ce, “Iya, ki koma gida.”

“Ko daga bakin ƙofa.”

“Ki koma, don Allah. Ki bar mini wagga ɗaya.”

Ta dube ni, ta sauke ƙwaryar man ta ajiye a ƙasa, ta juya. Ko ruwa ban ba ta ba. Inna ta sa anka zubar da man a bayan gida. Korar uwata ni na yi ta da bakina, ba na ɗora wa kowa. Amma na san waɗanda sunka cusa mini maganar a baki.

Cikin sati na huɗu Salamu ta daina kuka, kuma hakan ya fi kukan ban tsoro. Numfashi sama sama, tafin hannunta fari kamar na gawa. Munka koma wurin likita, wannan karon mijina ya ture layi ya shiga da ita a kafaɗa. Likitan ya ja fatar idonta ƙasa ya duba, ya danna cikinta, ya tambaye ni yara nawa na haifa da yadda sunka mutu. Da na gaya masa, ya ajiye alƙalami ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi Yamai yau, kada a jira gobe. Ya rubuta takarda. Har yanzu ina yi wa mutumin nan addu'a, ko da yake da ya yi mini tambayar nan tun zuwan farko, da ba mu ɓata sati biyu ba.

Munka sai da akuya biyu, munka bar gona a hannun Allah da ciyawa. Wani kamyo, wato babbar mota, mai ɗaukar fatu ne ya ɗauke mu a bisa kaya. Bayan Baleyara ya kafe cikin laka, munka yi yini biyu a wurin. Mijina ya tuɓe kwat ɗinsa ya naɗe ta, shi ya zauna da 'yar shara cikin yayyafi. Ya taka zuwa wata ruga mai nisa ya samo mata madara. Da maza ke tura mota, shi ne a gaba, laka har ƙugu. Ina faɗin wannan don kada a ce na ɓoye alherinsa. Yana son ɗiyar nan kamar ransa.

Ban taɓa zuwa Yamai ba sai ran nan. Kowa Zabarmanci yake yi, ni kuma nawa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba. A asibiti anka ba Salamu gado a wani dogon ɗaki, ni na shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da ita. Mijina yana kwana wurin wani abokinsa na soja, ya zo da safe. Babban ma'aikacin ɗakin, wanda ake ce wa manjo, wani dattijo ne mutumin Tawa mai furfura. Shi kaɗai nake iya yi wa Hausa in ji daɗi.

Lokotoro, wato babban likitan, Nasara ne, yaro, hannuwansa ja kamar an yanka. Ya karanta takardar, ya yi ta yi wa mijina tambayoyi. Sannan ya sa anka huda yatsan Salamu anka ɗiga jinin a kan ɗan gilashi. Anka huda nawa. Anka huda na mijina. Na yi mamaki, don mu biyu lafiyarmu lau.

Bayan kwana biyu ya kira mu ofishinsa, manjo yana tsaye a bakin ƙofa. Lokotoro ya ɗauki takarda ya zana wasu abubuwa kewayayyu, ya zana wasu lanƙwasassu kamar lauje. Ya yi ta magana. Kalma ɗaya ta maƙale mini don ya maimaita ta sau da yawa: direfanositoz. Yanzu na ji ana ce wa ciwon amosanin jini. Ya nuna ni da alƙalami, ya nuna mijina, ya haɗa yatsunsa biyu wuri ɗaya, ya nuna wajen ɗakin da Salamu take. Na ga zufa ta keto wa mijina a goshi.

Da munka fito na ce, “Maigida, mi ya ce?”

Bai dube ni ba. Ya ce, “Ya ce ciwon cikin jini yake. Ba ya warkewa, sai dai lallashi.”

“Daga ina ta samo shi?”

Ya ce, “Ya ce daga uwa ake ɗauko shi.”

Da idona na ga alƙalamin nan ya nuna mu biyu. Amma shekara takwas ana gaya mini ni ce, ga shi Nasara mai gilashi ma ya ce ni ce. Mi ya rage in yi musu da shi? Na zauna a ƙasa a wurin.

Sati na biyar da na shida ban san yadda zan kwatanta su ba. Ina juya ta in bayanta ya gaji, ina ɗura mata ruwa da cokali don manjo ya ce kada a bari ta bushe, ina wanke zannuwa a famfo, ina bin layin allura. Amma in na ɗora mata hannu sai in ji kamar ni ke ƙara mata ciwon. Na daina cin abinci sai in an matsa. Ita kuwa in ta farfaɗo sai ta ce, “Inna Hajo, ba ni labarin raƙumin da ya yi kama da liman.” In fara, in kasa kai shi ƙarshe.

Lokotoro ya ce sai an ƙara mata jini. Mijina ya shiga gari ya tattaro tsoffin soja uku, anka gwada, na mutum ɗaya ya dace, wani Bazabarme dogo mai tabo a kunci. Ban san sunansa ba, bai karɓi ko goro ba. Na zauna ina kallon jinin baƙo yana sauka cikin hannun ɗiyata. Washegari leɓenta ya yi ja. Kwana uku bayan haka ta ce tana son ƙosai.

Ranar da ta ci ƙosan na sami mijina a gindin bedin asibiti. Na durƙusa na ce, “Maigida, ka sawwaƙe mini. Ka nemi mace mai jinin kirki ta haifa maka masu rayuwa. Na kashe maka biyu, ga ta uku a kwance.”

Ya ce, “Tashi, Hajo. Ba ni sakinki. Haka Allah ya ba ni ke, haka zan riƙe ki.”

Na kama ƙafarsa ina kuka ina yi masa godiya. Ya bar ni na yi. Ya tsaya yana karɓar godiyar nan, har ya dafa kaina. Cikin duk abin da ya faru, wannan ne ke tashe ni tsaye in na tuna.

A sati na bakwai Salamu ta fara takawa tana dafa gadaje. Wata rana da hantsi manjo yana gyara kwalabe a teburinsa, ba kowa kusa, na matsa na gaishe shi.

Na ce, “Baba, tambaya gare ni. Yadda anka ƙara wa yarinya jini, ba a iya zuƙe nawa duka a sa mini wani? Ko akwai maganin wanke jinin mace?”

Ya ce, “Don mi za a wanke naki?”

“Tunda daga uwa ake ɗaukar ciwon.”

Ya ajiye kwalbar da ke hannunsa. Ya ce, “Zauna, ɗiyata.” Na zauna a kan benci.

“Lokotoro bai ce daga uwa ba. Kowane yaro da iri biyu yake zuwa duniya, ɗaya na uwa, ɗaya na uba. Ke kina ɗauke da irin wanga ciwo guda ɗaya. Mijinki ma yana ɗauke da guda ɗaya. Mai guda ɗaya lafiyarsa lau, ya yi noma, ya yi soja, bai san yana da komi ba. Sai yaro ya ɗauko naki ya haɗa da nasa, sannan jininsa ke lanƙwashewa kamar yadda ya zana muku, ya toshe hanya, ƙashi ya yi ta ciwo. Da wani kinka aura marar irin, da yaranki ba su yi wanga ciwo ba. Shi ma da wata ya aura marar irin, haka. Kuma ko ku biyun, ba kowane yaro ne zai haɗa ba.”

Na ce, “Iskoki fa?”

“Ni ban ga iska a gilashi ba. Na ga jininki, na ga nasa, iri ɗaya ne. Masu salla na da shi, marasa salla na da shi.”

“Shi maigidan ya ji haka?”

“Sau biyu anka gaya masa. Har ya leƙa ya gani da idonsa.”

Na ce, “Baba, kana tsaye a bakin ƙofa ran nan. Ka ji abin da ya gaya mini.”

“Na ji.”

“Sati uku kana wuce ni ina zaune kamar gawa.”

Ya ce, “Ban so in kunyata namiji gaban matarsa ba. Na zaci zai gyara da kansa.”

Na gode wa dattijon nan, don ba don shi ba da na mutu da ƙaryar. Amma kunyar namiji ta fi masa nauyi a kan sati ukuna, kuma na gaya masa haka. Bai yi musu ba. Da zan tashi ya tambaye ni ko mijina yana da 'yan'uwa da sunka mutu suna ƙanana. Na buɗe baki in ce ban sani ba, sai sunan ya faɗo mini. Ba a raɗa wa yaro Abarshi sai uwarsa ta gaji da binnewa. Shekara goma sha biyu ina gidan, ban taɓa tsayawa na yi tunanin sunan ba, don ba na faɗinsa.

Da azahar mijina ya zo da tsire a takarda. Na tare shi tun a tsakar asibiti.

Na ce, “Sake gaya mini abin da lokotoro ya ce.”

Ya dubi fuskata, ya gane. Ya ce, “Wa ya gaya miki?”

“Ba shi na tambaye ka ba.”

“Hajo, rage murya, mutane na kallo.”

“Su kalla. Na kama ƙafarka ina godiya, ka bar ni. Na kori uwata daga ƙofar gida ba ko ruwa. Yara nawa Inna ta binne kafin kai?”

Ya ce shi bai san adadi ba, ba a maganar a gidan. Ya ce in na duba, Inna ta tsufa, ba za ta iya ɗaukar a ce daga jininsu ne ba. Ya ce in magana ta fita, ba mai sake ba danginsu aure, ba mai sake kiransa karatun takarda ba tare da an yi masa kallon mai mugun jini ba. Ya ce ni an riga an saba faɗi a kaina, ba abin da zai ƙaru.

Na ce, “Wato ni na iya ɗauka.”

Ya ce, “Ke kina da ƙarfi.”

Na karɓi tsiren na kai wa Salamu, don ita ba ta yi laifin komi ba. Daga ran nan har munka bar Yamai ban sake ce masa uffan ba.

Anka sallame mu a sati na tara. Manjo ya ce a kiyaye ta da sanyi da ruwan sama, ta yi ta shan ruwa, zazzaɓi kaɗan a kai ta likita, kuma kada aska ta sake taɓa ta. Da kamyo ya sauke mu a Filinge, mijina ya ɗauki kaya ya nufi gida. Ni na goya Salamu, ƙatuwa da ita ƙafafunta na bugun cinyata, na kama hanyar Shikal. Ya kira ni sau biyu. Ban waiwaya ba.

Na tarar da Iya tana sussukar sabon hatsi. Na shirya maganganu da yawa a hanya, ko ɗaya ban samu faɗi ba. Ta kwance yarinyar daga bayana, ta zaunar da ita a cinya, ta yi ta shinshinar kanta. Ta ce da ni, “Akwai fura a ɗaki.” Ba ta taɓa tayar da maganar zauren nan ba har ta mutu. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Bayan an gama girbi sai ga Inna a kan jaki, ita da ta rantse ba ta taka garin arna. Ɗanta ya gaya mata abin da lokotoro ya ce, ita kaɗai, a cikin ɗaki. Iya ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo mata ruwa, ta ba mu wuri. Inna ta kira Salamu, ta kama hannunta tana juya yatsun.

Ta ce, “Huɗu na binne kafin ubanta. Uku da irin wanga kumburi. Tun ranar da na ga hannun ɗanki na fari na gane shi.”

Na ce, “Kin gane, kinka ce gidanku ba a san shi ba.”

“Uwar mijina cewa ta yi ni mayya ce, ina cin nawa. Shekara ashirin ba mai ba ni jariri in riƙe a gidan suna.”

“To kin san zafinsa, Inna. Kin san shi sarai, kinka ɗauka kinka ɗora mini.”

Ta saki hannun yarinyar. Ta ce, “Da kinka zo, an daina faɗi a kaina. Na ji daɗin hutun.”

Ban taɓa jin gaskiya mai muni kamar wannan ba. Ta roƙe ni in koma. Na ce sai ɗanta ya tsaya gaban mutanen unguwa ya faɗi abin da lokotoro ya faɗa, da Hausa. Ta ce za a yi. Na koma bayan shekara guda, saboda likita a Filinge yake, kuma Salamu na kukan ubanta. Ba a yi ba. Kullum sai ya ce ba yanzu ba. Don haka ni na riƙa faɗi, a rijiya, a gidan suna, a kasuwa. Wasu sunka ce zaman Yamai ya taɓa mini kai. Maganar mace marar Faransanci ba ta ture shirun mijinta. Mun sake haihuwa biyu, maza, duka lafiyayyu, suna nan da jikokinsu. Mutane sunka ce rubutun Inna ne ya kori iskokin.

Yanzu an ce ana gwada jinin saurayi da budurwa tun kafin a ɗaura aure. Ku je, ku biyu, ku tsaya tare. In likita ya yi magana da harshen da ba ki ji, kada ki bar mijinki ko wanki ko kowa naki ya zama shi kaɗai ne bakinsa. Ki nemi bare ya maimaita miki. In yaro ya kumbura yatsu, ba wanzami, ba jira. Kuma a tambayi tsoffin gida biyu yara nawa sunka binne, a matsa musu har su faɗa.

Salamu ta yi shekara tara bayan Yamai. Kowace damina sai ta kwanta, kowace rani ta tashi ta ci gaba da tsokanar mutane. Ta iya kitso har 'yan mata na layi a ƙofarmu. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke ta tana da goma sha biyar, cikin kwana huɗu, kanta a cinyata.

Ranar uku da rasuwarta ina tsakar gida ina daka hatsin sadaka, maza suna zaune a waje, zana ce kawai tsakaninmu. Na ji wani dattijo cikin danginsu yana cewa, ai tun farko an gaya wa yaron nan kada ya ɗauko mata daga Shikal, ga shi sun cinye uku. Sai na ji muryar mijina, ƙasa ƙasa, kamar mai magana da tabarma.

“Ba daga Shikal ba ne kaɗai, Baffa. Jinina ne da nata. Nasara ya nuna mini da idona.”

Mutum huɗu ne a wurin, ɗaya ma kurma ne. Dattijon ya ce baƙin ciki ne ke sa shi sambatu, wani ya ce a yi fatiha, anka shafa. Matar da ke taya ni daka ta tsaya da taɓarya a sama tana dubana, ta ce, “Hajo, kin ji?”

Na ce, “Na ji. Ci gaba da daka, hatsin bai yi ba.”